Daga Bordo Zuwa Tuluz a Kan Keke: Kwana Biyar a Hanyar da Mota Ba Ta Bi

Kafin mu sayi tikitin jirgi sai da muka raba kalmomi biyu da Faransawa ke rubutawa a taswirar masu keke, domin wanda ya haɗa su wuri guda zai sha mamaki a hanya. Akwai voie verte, akwai véloroute. Ta farko hanya ce da dokar hanya ta Faransa ta ware tun 2004 ga masu tafiya a ƙasa da masu keke da duk abin da ba shi da inji. Ta biyu kuwa suna ne na doguwar hanyar masu keke gaba ɗayanta, wadda wani yankinta voie verte ne, wani yankin kuma ƙaramin titin ƙauye ne da ake rabawa da motoci da taraktoci. Hanya tana iya yin suna a duniya, kamar ta bakin kogin Luwar, amma ka tarar rabon da ke cikinta na titin mota ba kaɗan ba ne.

Shi ya sa muka zaɓi Bordo zuwa Tuluz, a kudu maso yammacin ƙasar. Tsawonta ya kusa kilomita 270, kuma in ka cire kimanin kilomita 20 a tsakiya da 'yan mahaɗai a cikin garuruwa, sauran duk babu mota. Lambarta V80, sunanta a alluna Canal des 2 Mers à Vélo, wato kanal, hanyar ruwan da aka haƙa wa jirage, da ya haɗa tekun Atlantika da Bahar Rum. Allunan masu keke farare ne da koren rubutu da hoton keke. A kansu Bordo shi ne Bordeaux, Tuluz kuma Toulouse. Sunayen ƙananan garuruwa zan bar su yadda suke a allo, tunda haka ido zai gan su.

Mun taso daga yamma muka nufi gabas da gangan. Kanal ɗin Garon, wato ɓangaren da muka bi, yana hawa ne zuwa Tuluz, amma hawan mita 128 ne kacal a cikin kilomita 193, ƙafa ba ta ma sanin an yi shi. Iska ita ce abin lissafi. Galibi daga teku take busowa, ta yamma, sai ta riƙa tura ka ta baya. Sai dai kusa da Tuluz akwai wata iska da suke kira vent d'autan, mai zuwa daga kudu maso gabas, in ta tashi fuska da fuska za ku yi da ita, kuma takan yi kwanaki. Watan Mayu da Yuni da Satumba su ne lokacin tafiyar. A Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 35, ga cunkoson masu hutu a masaukai.

Keken da ya dace ba na tsere ba ne. Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 40, giya ko da takwas ce ta isa, kariyar ɗora kaya mai ƙarfi a baya, jaka biyu masu rataya a gefenta, nauyinsu daidai da juna. Kayan kowannenmu bai wuce kilo 12 ba har da ruwa. Iska muka sa bar 4 a tayar baya, 3.5 a ta gaba, domin baya ce ke ɗauke da mutum da kaya. A jakar gyara akwai tif biyu sababbi, faci da sholisho da 'yar takardar gogewa, ƙarfen cire taya uku, famfo, alanki lamba 4 da 5 da 6, mahaɗin sarƙa guda, man sarƙa, da ƙusoshin kariya guda biyu na ajiya. A duba bakin famfo tun a gida. Bawul iri biyu ne a kekunan can, siriri da ake kira Presta da mai kauri irin na mota, kuma famfon da bai dace da bawul ɗinka ba kaya ne kawai ka ɗauka.

Doka ma tana da nata kayan. Birki biyu masu aiki, ƙararrawar da za a ji daga mita 50, fitila fara a gaba da ja a baya idan dare ya yi, da riga mai ƙyalli ga wanda ke tuƙi a wajen gari da dare ko cikin hazo. Hular kwano wajibi ce ga yaro ƙasa da shekara 12 tun 2017. Babba zaɓinsa ne, mu dai mun sa. Abin da baƙi suka fi faɗawa ciki shi ne sa abin sauraro a kunne: haramun ne a kan keke, tarar kuwa yuro 135.

Daga Faris jirgin ƙasa mai gudu, TGV, yana kai mutum Bordo cikin awa biyu da 'yan mintuna daga tashar Montparnasse. Keke a haɗe ba ya shiga sai ka kama masa gurbi a lokacin da kake sayen naka tikitin, yuro 10, kuma ba kowane jirgi ke da gurbin ba, wanda ke da shi ma 'yan kaɗan ne. In an rasa, sai a cire ƙafafun keken a sa shi a jakar da ba ta wuce santimita 130 da 90 ba, ya tafi a matsayin kaya. Mu haya muka gwammace a Bordo, daga masu ba da keke a gari ɗaya su karɓa a wani. Ya fi tsada, amma an huta da jigila. Idan haya za a yi, kada a bar shagon sai an daidaita sirdi: ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak. Sirdin da ya yi ƙasa da santimita biyu ba a jin sa ranar farko, rana ta uku gwiwa ce za ta ba da labari.

Ranar farko kilomita 55 ce, kuma ita ce ta tsohon layin dogo. Ana haye kogin Garon zuwa gaɓar dama, a bi bakinsa har Latresne, inda hanyar Roger Lapébie ta fara sosai. Sunan wani ɗan tseren keke ne da ya ci gasar zagaye Faransa a 1937. An cire ƙarafan dogo an zuba kwalta, kuma da yake jirgin ƙasa ba ya son tudu, hawan a hankali yake, bai fi kashi biyu cikin ɗari ba. Amma hawa ne, kuma dogo, daga Latresne har Créon. Mutum zai ga hanya kamar a shimfiɗe, ya ga gudunsa ya sauka daga 18 zuwa 13, ya fara zargin birki na kama taya. Ba birki ba ne. A sauke giya biyu, a bar ƙafa ta riƙa juyawa da sauƙi.

Tsofaffin tashoshin jirgin suna nan a gefen hanya, wasu an mai da su wuraren shan shayi. A Créon akwai wurin haya da gyaran keke a tsohuwar tasha, kuma nan ne wuri na ƙarshe mai sauƙi da za a gyara duk abin da ke ƙara kafin a yi nisa. Gaba kaɗan sai La Sauve, mai kufan gidan ibadar Kirista da aka kafa a 1079, sannan wani gajeren rami da jirgi ke ratsawa a da. A cire baƙin tabarau kafin a shiga. Daga nan gonakin inabi ne hagu da dama har Sauveterre-de-Guyenne, garin da aka kafa a 1281, wanda ƙofofinsa huɗu na dutse ke tsaye har yau, da fili mai kusurwa huɗu a tsakiya.

Abin da ya fi haɗari a wannan rana mahaɗai ne. Duk inda hanyar keke ta ratsa titin mota, mai keke ne ke tsayawa, da allon STOP ko na cédez le passage, wato ba da hanya. Bayan awa guda babu mota hankali yakan kwanta, kunne ya daina saurare, sai ga titi ya ɓullo daga bayan shinge. Kuma a bakin mahaɗai da yawa an kafa turaku ko shingaye biyu a karkace don hana mota shiga. Faɗin keke mai jaka biyu ya fi yadda mai shi ke zato, jakar ce ke kama turke ta juya keken. A rage gudu zuwa na tafiyar ƙafa, a shiga a miƙe.

Safiyar rana ta biyu ita ce inda maganar babu mota ta yanke. Daga Sauveterre zuwa La Réole kimanin kilomita 20 ne a kan ƙananan titunan ƙauye, hawa da gangara, kuma nan ne kawai giya mafi sauƙi ta yi mana aiki a duk tafiyar. Motocin ba su da yawa, direbobin kuma suna ba da tazara, domin doka ta ce mita ɗaya da rabi a wajen gari. Abu biyu za a riƙe. Tuƙi a hannun dama ne. Sannan akwai ƙa'idar priorité à droite: a mahaɗar da babu allo ko layi a ƙasa, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya, ko da daga ɗan lungu ya fito. Mun tashi ƙarfe bakwai da rabi don mu gama wannan yanki kafin rana ta ɗaga. Mai tafiya da yara ƙanana gara ya tsallake ranar farko da wannan safiya, ya hau jirgin yanki daga Bordo ya sauka a La Réole, ya fara daga kanal.

A La Réole ana haye Garon a kan gada mai rataye, a yi 'yan kilomitoci cikin gonaki, a faɗa bakin kanal wajen Fontet. Daga nan har Tuluz hanyar ita ce tsohuwar turbar da dabbobi ke bi suna jan jiragen kaya. An buɗe kanal ɗin gaba ɗaya a 1856, yana da ƙofofin ruwa 53, waɗanda suke kira écluse, inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi daga mataki zuwa mataki. Kowace ƙofa tana da suna da lamba a jikin ɗan gidan mai gadinta, kuma lambobin suna raguwa yayin da ake kusantar Tuluz. Da su muka riƙa auna tafiya, sun fi waya saurin dubawa.

Itatuwan da ke bakin kanal, waɗanda ake kira platane, su ne daɗin hanyar, su ne kuma matsalarta. Dogaye ne, sun haɗe kai a sama, ana yin awa guda cikin inuwa. Amma saiwoyinsu suna ratsa ƙarƙashin kwalta su ɗaga ta, su yi kunya-kunya a gicciye kamar an ja garma. Hasken da ke ratsowa ta ganye yana rarraba ƙasa fari da baƙi, ido ba ya ganin tudun sai taya ta hau. Illa uku ke biyo baya. Ta farko, idan iskar taya ta yi ƙasa, bakin rim yakan matse tif ya huda shi wuri biyu gefe da gefe, abin da masu keke ke kira cizon maciji, kuma faci ɗaya ba ya rufe shi da kyau, sai sabon tif. Ta biyu, girgiza tana kwance ƙusoshin kariya. Ƙusar ƙasa ta gefen sarƙa ce ta fara sakin jiki a rana ta uku, alamarta wata 'yar ƙara ce ƙas-ƙas a duk tudu. In ta faɗi, nauyin jaka yakan karkata kariyar ta shiga cikin wayoyin ƙafa. Tun daga nan kowace safiya sai mun zagaya ƙusoshin da alanki lamba 4, aikin minti biyu. Ta uku, ƙugiyar jaka kan yi tsalle ta fita idan ba a kulle ta ƙasa ba. Maganin duka dai ɗaya ne: a inda saiwa ta yi yawa a sauko zuwa kilomita 12 a awa, a ɗan ɗaga jiki daga sirdi, gwiwa da gwiwar hannu a sake.

Huda ta ƙaya daban take. Inda aka yi wa shinge aski ana barin ƙayoyi a ƙasa, kuma hudarsu a hankali take sacewa. Idan an ciro tif, kada a sa sabo sai an bi cikin tayar da yatsa a hankali an gano ƙayar, in ba haka ba sabon ma zai tafi cikin kilomita ɗaya. Wajen faci kuma gaggawa ce ke ɓata aiki. A goge wurin ya fi facin faɗi, a shafa sholisho siriri, a jira minti huɗu ko biyar har ya daina sheƙi, sannan a manna a danne da ƙarfi. Wanda ya manna a kan ɗanyen gam zai sake zama a gindin itace kafin la'asar. Babu mai faci a bakin hanya a can. Shagon keke sai babban gari, in za ka nemi tif ka ce chambre à air, faci kuma rustine.

Hanyar ba ta tsaya a gaɓa ɗaya ba, takan haye gada ta koma ɗaya gefen, kuma wanda ya wuce allon zai ga kwalta ta ƙare ya shiga ciyawa. A ƙarƙashin gadoji turbar tana matsewa ta yi kwana, ga ruwa a gefe babu shinge, ba ka ganin mai zuwa. A buga ƙararrawa kafin a shiga. Za a gamu da masunta da dogayen sandunansu a gicciye, da masu yawo da karnuka, da motar ma'aikatan hukumar kula da hanyoyin ruwa, VNF, wadda ita tana da izinin bi. Kowa ka wuce ka ce bonjour. Ba a raina wannan gaisuwa a ƙauyen Faransa, a shago ma wanda ya fara da tambaya kafin gaisuwa ba ya samun sakin fuska.

Mun kwana na biyu a Le Mas-d'Agenais, rana ta uku muka bi ta Damazan da Buzet-sur-Baïse zuwa Agen, kimanin kilomita 48. Shigar Agen ita ce abin kallon tafiyar: kanal ɗin da kansa yana haye kogin Garon a kan gadar dutse mai tsawon mita 539 da baka 23, ruwa a bisa ruwa. Turbar gefenta siririya ce, daɓen dutse, babu abin da ya raba ka da kanal. Mun sauka mun tura, kuma duk mai jaka haka ya kamata ya yi.

Yanzu maganar ciki, wadda ta fi kowace huda kayar da baƙo. Kanal ba ya ratsa tsakiyar yawancin ƙauyuka, yana wucewa ne ta gefensu, wani da kilomita ɗaya, wani da biyar. Marmande ma, da girmanta, tana can ƙetaren kogi. Shagunan ƙauye suna rufewa wajen sha biyu da rabi, ba sa buɗewa sai biyu ko uku. Lahadi da rana a rufe suke, da yawa kuma har Litinin. Gidan abinci yana karɓar masu cin rana daga sha biyu zuwa wajen biyu saura, bayan nan murhu ya mutu sai bakwai na yamma. Ranar Litinin ɗin da ta same mu a hanya ƙauye biyu muka shiga a jere babu ko burodi. Tsarin da ya yi aiki shi ne a sayi abincin rana tun da safe a inda aka kwana, kuma kullum a bar kifin gwangwani biyu a ƙasan jaka ba a taɓa su.

Ga Musulmi akwai ƙarin lura. Naman halal sai manyan garuruwa irin Bordo da Agen da Tuluz, inda akwai masallatai ma. A ƙauye a riƙe kalmomin porc da jambon da lardons, duk alade ne, kuma lardons ɗin ana barbaɗa shi a salak da wainar ƙwai ba tare da an faɗa ba, sai an tambaya. Burodi da cuku da dafaffen ƙwai da kifi da tumatir sun riƙe mu. Yankin Agen ya yi suna da busasshen ɗan itacen nan pruneau, baƙi mai zaƙi, yana aikin dabino a aljihu. Biyar ko shida sun isa, wanda ya cinye leda guda cikinsa zai tsayar da ayari. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai goma saura na dare, asuba kuma da wuri ƙwarai, saboda haka barcin dare gajere ne, hutun azahar a inuwa ya zama dole.

Ruwa gora biyu kowa, mai cin mililita 750, ana cikawa sau biyu a rana. Ruwan kanal ba na sha ba ne. Akwai famfo a tashoshin jiragen ruwa na shaƙatawa, kuma kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo kusa da ƙofa don masu ban ruwan furanni, masu keke sun daɗe da sanin wannan. In an rubuta eau non potable a wuce. Masauki kuma a nemi mai alamar Accueil Vélo, wadda ake bai wa wuraren da ba su fi kilomita 5 daga hanyar ba, masu ɗakin kulle keke da kayan gyara. Ba a kafa tanti a bakin kanal yadda aka ga dama, akwai filayen kwana na ƙananan hukumomi, kuma ofishinsu yakan rufe da yamma, a kira tun da rana.

Rana ta huɗu gajera ce, kilomita 43 zuwa Moissac, ta Valence d'Agen, da hasumiyoyi biyu na tashar nukiliya ta Golfech suna tururi a gefe. A nan ciwon sirdi ya fi tsananta, kuma laifin shimfiɗar hanyar ne. Inda akwai tudu jiki yana canza zama da kansa, a kanal kuwa awa uku kana zaune wuri ɗaya, nauyi a kan ƙashi guda. Kowane minti 15 a sa giya mai nauyi a miƙe tsaye a taka sau ashirin, a riƙa sauya riƙon hannu, a sa wando mai soso ba tare da wani a ƙarƙashinsa ba, a wanke shi kowane dare.

Rana ta ƙarshe ita ce mafi tsawo a kanal, kilomita 64. Da fita Moissac akwai wata gadar ruwan, ta Cacor, a kan kogin Tarn, ta jan bulo. Sai Castelsarrasin, sai Montech, inda a 1974 aka gina wata gangara da injuna biyu masu kama da kan jirgin ƙasa ke tura ruwa da jirgi a cikinsa zuwa sama, don a tsallake ƙofofi biyar. Ta daina aiki, an mai da wurin na 'yan kallo. Bayan Grisolles kyan hanyar yana raguwa, layin dogo da ɗakunan ajiya da ƙarar babban titi su matso, masu zuwa aiki a keke su yawaita, suna gudu ba irin na mai yawon buɗe ido ba. A tsaya a dama sosai. Kanal ɗin yana ƙarewa a Ponts-Jumeaux, inda ya haɗu da Canal de Brienne da Canal du Midi, kuma bin bakin na Midi ɗin yana kai mutum har ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Matabiau.

Mai sha'awar zarcewa zuwa Bahar Rum ya san cewa Canal du Midi, wanda Pierre-Paul Riquet ya tsara, aka gina tsakanin 1666 da 1681, kwaltarsa kimanin kilomita 50 ce daga Tuluz zuwa Port-Lauragais. Bayan nan wurare da dama ƙasa ce da saiwa da tsakuwa, in an yi ruwa taɓo, sai taya mai faɗin milimita 45 ko fiye.

Komawa Bordo da keke hanya biyu ce. Jirgin Intercités yana yi kai tsaye cikin awa biyu da ɗan abu, da gurbin keke na biya da ake kamawa tun da wuri. Ko kuma jiragen yanki, TER, da canji a Agen, waɗanda a lokacin zafi wasunsu ke neman a yi wa keke rajista, a duba kafin ranar. Taragon keke yana da hotonsa a jikin ƙofa. A cire jakunkuna tun a dandamali kafin jirgi ya iso, domin tsayuwarsa minti biyu ce ko uku, kuma a ciki rataye keken ake yi a ƙugiya ta ƙafar gaba. A cire gorunan ruwa kafin a ɗaga shi, in ba haka ba a kan mai ɗagawa za su zube.